Kariya, furen da ya dace da ƙasarmu

A tsaunukan Alps na Turai akwai wani ɗan farin fure da ake kira edelwais, wanda kan yi watanni a ƙarƙashin ƙanƙara ya sake tohowa kowace shekara. Masu shuka shi sun san sanyi ba ya kashe shi, laima ce ke ruɓar da saiwarsa, shi ya sa suke dasa shi cikin tsakuwa. A Mandera, tsakanin Bodinga da Shagari, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ba zai kai labari ba. Amma muna da kariya, wadda ta cancanci gurbi a ƙofar gida da harabar makaranta. Tana tara ruwan damina a kumburarren gindinta, idan rani ya yi ta kakkaɓe ganye, ta cika da jajayen furanni lokacin da ciyawa duk ta bushe. Bukatarta ƙasa mai yashi, rana sosai, da tukunya mai huji a gindi. Kada a ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙayau. Reshen da aka yanka a bar bakinsa ya tsane kafin a dasa.

Wasu za su ce ruwanta dafi ne, ga yara ga awaki. Gaskiya ne, har maharba sun yi amfani da shi a kibiya. Maganin wannan shi ne a ɗora tukunyar inda hannun yaro ba ya kaiwa, a killace ta daga dabbobi, mai yankan reshe kuma ya wanke hannu da sabulu, kada ya taɓa ido.