Jawabin Ƙaddamar da Littafi kan Neman Tarihin Mazan Jiya na Yaƙin Bama

 

Littafin da muke ƙaddamarwa yau yana koya wa jika yadda zai bi sawun kakansa da ya je yaƙin Hitila, kuma hujjata ita ce aikin nan farilla ne a kan iyalai, ba a kan gwamnati kaɗai ba. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda Hausa ce harshen da sojojin Najeriya ke magana da shi a cikinsu, sun fafata da Japanawa a ƙasar Bama: ta 81 a kwarin Kaladan a 1944, sannan tare suka kama Myohaung a Janairun 1945. Barikin Chindit da ke Zariya ma a yaƙin Bama ya samo sunansa. Barikin ya ci suna, amma waɗanda suka keta dajin da kaya a ka an mance da su, har a gidajensu.

Wani zai ce ai yaƙin Turawan mulkin mallaka ne, me ya yi ruwanmu? Gaskiya ne, ba mu muka tada shi ba, kuma ba kowa ya tafi da son ransa ba. To, wannan ne ma ya sa a bincika: wa aka tilasta, wa talauci ya tura, wa ya dawo aka sallame shi da abin da bai taka kara ya karya ba. Wani kuma zai ce akawun soja ya rubuta mutum da sunan garinsu ne, Musa Kano, Audu Zariya, ina za a gane naka? Lambar soja ce ke raba gardama. Ana samunta a takardar sallama, wadda sau da yawa tana nan naɗe a ƙasan adakar tsohuwa. Idan kuwa kakan bai dawo ba, da lambar za a duba rajistar hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth a intanet, inda sunayen waɗanda aka binne a Taukkyan kusa da Yangon suke, sannan a leƙa ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna.

Sai dai takarda ba ta san abin da mutum ya faɗa wa matarsa da ya dawo ba. Wannan yana bakin gwaggo da baffa, su kuwa kullum raguwa suke. Ku sayi littafin, Allah Ya saka wa marubucinsa, amma kafin ku buɗe shi, ku je gida ku ɗauki muryarsu a waya.