Karanta Zankon Zakara: Gibin da Aka Bari a Kiwon Kajin Gida a Dutsin-Ma da Kurfi



A gidajen Dutsin-Ma da Kurfi, duk abin da ya fito a zankon zakara ko a leɓensa da ke reto ƙarƙashin baki, sunansa ɗaya: ƙuraje. Maganinsa ma ɗaya, a fasa kafso ja da yalo a ruwan sha, ko a shafa baƙin mai. Matsayin wannan takarda shi ne, cututtuka aƙalla huɗu ke ɓuya ƙarƙashin wannan suna, kuma ba a koya wa matan da ke riƙe da akurki yadda za su bambanta su ba.

Mafi yawa ita ce cutar ƙuraje ta ainihi, wadda sauro ke yaɗawa. Shi ya sa take ƙamari da damina, da kuma a ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwan Zobe. Bayan kwana 4 zuwa 10 da kamuwa, sai ƙananan ƙuraje farare su fito a zanko, su koma ruwan ɗorawa, su bushe su zama ɓawo baƙi. Zakara yakan warke cikin mako 2 zuwa 4. Amma in ta shiga maƙogwaro ta yi farin danƙo, tsuntsu ya riƙa buɗe baki yana neman numfashi, tana iya kashe rabin garke. Kafso ba ya taɓa ƙwayar cutar ko kaɗan, kuma tana rayuwa watanni a ɓawon da ya zube a akurki.

Ta biyu, baƙaƙen ɗigo da suka taru a gindin zanko da gefen ido sau da yawa ƙuma ce ta kafe kanta tana shan jini. Man shafawa mai kauri da share akurki sun isa. Ta uku, leɓe da ya kumbura ya yi zafi yana nuna kwalarar kaji.

Ta huɗun ce abin tsoro. Zanko ya yi shuɗi-shuɗi, fuska ta kumbura, kaji na faɗuwa cikin kwana ɗaya ko biyu: wannan hoton murar tsuntsaye ne. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Najeriya, a gonar Sambawa kusa da Jaji a Jihar Kaduna. Ta bazu zuwa jihohi 25, ta kashe mace ɗaya a Legas a 2007, ta dawo a 2015 da 2021. Duk da haka, mai kaji da ta ga irin wannan zanko takan tura yaro kasuwa da sauran kafin su mutu. Wa ya taɓa gaya mata kada ta yi?

Riga-kafin ƙuraje akwai shi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, da ke aiki tun 1924, tana haɗa shi; ana tsira shi a fatar fiffike, a duba bayan kwana 7 zuwa 10 ko ya kama. Sai dai kwalba ɗaya ta ɗaruruwan kaji ce, tana buƙatar sanyi, mai kaji goma kuwa ba ta da firiji. Jami'ai sun san wannan, amma hankalinsu na kan manyan gonaki.

Ƙananan hukumomin biyu su ware ranar riga-kafi unguwa-unguwa kafin saukar damina, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma kuma ta tura ɗaliban aikin gona gida-gida da hotunan waɗannan alamomi huɗu.