Kwaɗon Akwati da Kwaɗon Kwamfuta

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, ma'aikacin gwamnati, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu



Da farko ina godiya ga Allah da ya sake tara mu a wannan ɗakin taro da muka sha zama a cikinsa muna yara. Sa'an nan ina neman afuwar malamaina, domin ba ƙaramin nauyi ba ne ɗalibi ya miƙe yana bayani alhali waɗanda suka yi masa tarbiyya suna zaune. Kwamiti ne ya ɗora mini wannan aiki, saboda shawarar da ƙungiya ta yanke ta sayo wa makaranta kwamfutocin tafi-da-gidanka, ta kuma haɗa mata intanet. Ni ba injiniya ba ne. Ma'aikacin ofis ne da ya taɓa yin asara, ya koyi darasi.

Ina fata ba mu manta da ɗakin kwana ba. Kowa da akwatinsa na ƙarfe a ƙarƙashin gado, a ciki akwai garin kwaki da ƙuli-ƙuli da 'yan kuɗin mota, mabuɗin kwaɗo kuwa a rataye a wuya, har wurin wanka. Ba wanda ya ce abokan kwanansa ɓarayi ne, amma kowa ya san ɗakin da mutum hamsin ke shiga da fita ba a barin akwati buɗe. To, hanyar intanet ta makaranta, wadda ake kira Wi-Fi, ita ma ɗakin kwana ce. Duk kwamfutar da ta hau kanta tana iya ganin 'yar'uwarta, kuma idan ɗaya ta bar ƙofarta buɗe, ana iya leƙa abin da ke cikinta, ko a jefa mata abin da ba ta nema ba.

Kada wani ya ce wannan damuwar mutanen birni ce. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar NIN. Hukumar WAEC ma ta soma gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2024 ga masu zaman kansu. Watau yaron Riruwai da na cikin Badala ma'auni ɗaya ake auna su da shi. Bambancin shi ne, idan kwamfutar ɗan birni ta lalace, Farm Centre na kusa da shi. Namu kuwa na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa sai ya biya kuɗin mota ya ɓata yini guda, kuma wataƙila buhunan masara ko na shinkafa mahaifinsa ya sayar kafin a saya masa ita.

Bari in ba ku labarin asarar da na ambata. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, saura mako uku in miƙa kundin bincikena, sai na kai filash wani shago don a buga mini babi ɗaya. Da na dawo na soka shi a kwamfutata, washegari duk takarduna suka ɓace, sai hotunansu kawai, in ka danna ba sa buɗewa. Ba ni da kwafi a ko'ina. Kwana goma sha biyu na yi ina sake rubuta aikin wata biyar daga tarkacen takardun hannu. Ba wani gwanin ɓarawo ne ya yi mini haka daga ƙasar waje ba. Sakacina ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Irin wannan sakaci ya taɓa girgiza duniya. A watan Mayu na 2017 wata cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. Tana kulle takardun mutum ta ce sai ya biya fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Abu biyu nake so mu lura da su. Na ɗaya, cutar tana tsallakawa da kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta a kan hanya ɗaya, ko ba a danna kome ba. Na biyu, tun watan Maris na shekarar kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe wannan kafa. Waɗanda ta kama galibi su ne waɗanda ba su karɓi gyaran ba. In haka ta sami asibitin Ingila, ina ga ɗakin kwamfutarmu?

Saboda haka ga abin da nake roƙo a koya wa kowane ɗalibi tun ranar da aka damƙa masa kwamfuta.

Na farko, kwaɗo. Ya sa mata kalmar sirri mai tsawo, wadda ba sunansa ba ce, ba shekarar haihuwarsa ba, ba kuma 1234 ba. Kalmomi uku ko huɗu da ba su da dangantaka da juna sun fi wuyar cinka, sun kuma fi sauƙin tunawa. In zai tashi, ko da alwala zai je, ya danna maɓallin Windows tare da harafin L, allon ya kulle.

Na biyu, a saitin Wi-Fi kwamfuta tana bambanta hanyar gida da hanyar jama'a. A makaranta ya zaɓi ta jama'a, domin ita ce ke ɓoye shi daga sauran kwamfutoci, ta rufe ƙofar musayar takardu. Ya kuma tambayi malami ainihin sunan hanyar makaranta, domin mai mugun nufi yana iya buɗe tasa da wayarsa, ya sa mata suna mai kama da ita, ya zauna yana jiran mai gaggawa.

Na uku, kada ya hana kwamfuta sabunta kanta don tsimin data. Wannan sabuntawar ita ce allurar rigakafinta. Manhajar tsaro da ke zuwa cikin Windows kyauta ce, kuma ta isa ɗalibi muddin bai kashe ta ba. Abin da ke sa yara kashe ta shi ne son ɗora wasanni da manhajojin sata, waɗanda sau da yawa cutar a cikinsu take.

Na huɗu, in ya buɗe imel ko shafinsa na JAMB a kwamfutar da ba tasa ba, kada ya yarda ta riƙe masa kalmar sirri, kuma ya tabbata ya fita kafin ya tashi. Lambar da ake turo masa ta waya don tabbatar da shi ne, ba a faɗa wa kowa, ko da mai kiran ya ce daga hukuma yake. Wanda ya mallaki imel ɗin yaro da layin wayarsa yana iya taɓa zaɓin makarantarsa.

Na biyar, duk aikin da zai yi kuka in ya ɓace, ya ajiye shi wuri biyu: ɗaya a filash da ba ya arawa, ɗaya a imel ɗinsa. Da na yi haka, da ban ba ku labarin ɗazu ba.

Sai in juyo gare mu, mu masu ba da kyautar. Mun saba a ƙasar nan a sayo kaya, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, bayan shekara biyu a tarar da su ƙura ta rufe. Ina ba kwamiti shawara huɗu. Kada mu ruɗu da arahar tsofaffin kwamfutocin gwanjo: Windows 7 an daina yi mata gyara tun Janairun 2020, wa'adin Windows 10 na yau da kullum kuma ya cika a Oktoban 2025, don haka a sayi wadda za ta ɗauki sabuwar manhaja. A canja kalmar sirrin da na'urar rarraba intanet ke zuwa da ita daga kamfani, domin kowa ya san ta. A raba hanyar ofis da ta ɗalibai, kada takardun jarrabawa da sakamakon yara su kwana ɗaki ɗaya da kwamfutoci arba'in. Sa'an nan a ware wani kaso na kuɗin, a horar da malami ɗaya ko biyu da za su riƙa duba kayan kowane zangon karatu. Gara kwamfuta goma sha biyar masu mai kula da su da talatin marayu.

Ga malamanmu kuma ina da roƙo. Za a sami yaro mai kaifin basira da zai gano yadda ake leƙa kwamfutar wani. Kada a tsaya ga bulala kawai. A faɗa masa cewa dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma tana iya kai mutum gidan yari. Bayan haka a jawo shi a jiki, a sa shi cikin masu taimakon malamin kwamfuta. Irin yaran nan ne gobe hukumomi da bankuna za su nema su tsare musu dukiya. Amanar da kuka koya mana game da akwatin abokin kwana, ita ce dai za ku koya musu game da kwamfutarsa.

Daga ƙarshe, ni na ɗauki alkawarin zuwa ranar Asabar ɗaya a kowane zango in zauna da yaran, kuma ina fata wasu daga cikin 'yan ajinmu za su rufa mini baya. Takardar sa suna tana hannun sakatare. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure a gafarce ni. Allah ya jiƙan malamanmu da abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya saka wa waɗanda ke raye da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.