Matashin da Ba Ya Cikin Wannan Zaure



An ba ni batun matasa da shaye-shaye. Tambayata ta farko ita ce: ina matashin da muka taru dominsa yake a wannan sa'a? Yana fadamar Auyo yana dashen shinkafa, ko yana kan babur a tasha, ko yana dakon kifi a kasuwar Haɗejiya, ko yana cikin kwale-kwale a Guri yana saran ciyawar kacala. Duk sa'ad da muka tashi wayar da kai, sai mu nufi Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa ko Kwalejin Binyaminu Usman, domin can ne ake samun aji da kujeru. Ɗalibi yana da malamin da zai lura ya canza. Wanda ya tsaya a firamare, ko ya ajiye allo ya kama neman abinci, wa yake lura da shi?

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. A watan Mayun shekarar gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Giya kuwa, tun da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa a 2000 doka ta hana ta. Doka ta rufe mashaya, amma ba ta rufe aljihu ba. Giyar ta koma 'yar leda, kusa da ita ga tiramol, ga wiwi, ga sholisho.

Mu dubi dalili. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya tafiyar ruwan kogin Haɗejiya. Kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Ambaliyar 2022 ta bar magidanta da bashi ba girbi. Ɗan ƙwadagon da ake biya gwargwadon abin da ya nome shi ne abokinsa ke miƙa wa ƙwaya, ya ce masa ta ƙarfi ce. Tiramol dangin kodin ce: yau ɗaya ta isa, bayan wata biyu uku ba ta isa ba. Idan ta yi yawa tana jefa mutum cikin jijjiga kamar mai farfaɗiya, idan ta haɗu da giya tana iya danne numfashi. Yaron nan da neman halal ya fara.

Shi ya sa nake roƙon mu sake dabara. Mun gwada kora, mun gwada duka. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a gidajen mari na Kaduna da Daura a 2019: matasa cikin sarƙa, jiki duk tabo. Malamaina sun fi ni sanin cewa haramcin giya bai sauka rana ɗaya ba. Daki-daki ya zo, a surar Baƙara, sannan Nisa'i, sannan Ma'ida. Hukuncin ya tabbata, babu mai taɓa shi, amma hanyar da aka bi da mutane darasi ce gare mu. Wanda yake sha kullum ya koma sau biyu a mako, a yaba masa, a riƙe hannunsa har ya daina. Likitoci ma suna gargaɗi cewa wanda giya ta kama jikinsa, in ya yanke ta farat ɗaya, yana iya shiga karkarwa da ruɗewa har rai ya salwanta. Irin wannan, asibiti za a kai shi, na Kazaure ko na Dawanau.

Wa zai yi maganar? Wanda yaron ke jin nauyinsa: maigidansa a gareji, sarkin noma, sarkin ruwa, shugaban 'yan acaɓa, limamin unguwa, gwaggon da ta goya shi. A koya musu zama na minti 10 cikin sirri. Kada a fara da "kai ɗan ƙwaya ne". A ce, "Ɗana, nawa kake sha a rana? Nawa take ci maka a mako? Me kake so ka mallaka baɗi?" Saurayin da ya lissafa da bakinsa cewa kuɗin ƙwayarsa na shekara ya kama hanyar injin ban-ruwa ya riga ya yi wa kansa rabin wa'azin. Masu gonaki kuma, ku ji tsoron Allah: kada a ɗora wa yaro aikin da jiki ba ya iyawa sai da ƙwaya.

Kowane ɗayanmu ya san irin wannan yaro da sunansa da gidansu. Idan an tashi daga nan, a neme shi a majalisarsu bayan isha'i, a zauna a tabarmarsa, a fara da gaisuwa. Allah Ya shirya mana zuri'a.