Tsatsa ita ce garar keke

Makarantar yaƙi da jahilci ta wani ƙauye da ke kan hanyar Madarumfa, cikin jihar Maraɗi, ta yi baƙo. Malamin makarantar ne ya gayyato shi. Baƙon dattijo ne, mai gyaran keke a gindin bedi, bakin kasuwa. Ya zo da wani tsohon baƙin keke, ya jingine shi gaban allo. Bayan gaisuwa ya yi wa manoma jawabi bisa tsatsa da fenti. Ga abin da ya faɗa.

Ya ce keken nan ba nasa ba ne. Na wani saurayi ne da ya gada wurin mahaifinsa. Saurayin ya kawo shi don a sayar, wai ya tsufa. Dattijon ya duba, ya ga taya ta mutu, sarƙa ta saki, amma gangar jikin keken lafiya lau take, sai tabon tsatsa nan da can. Ya ce wa saurayin ya dakata. Taya ana sake ta, sarƙa ana sake ta, sirdi ma haka. Gangar jiki ita ce keken. In ta tafi, sauran tarkace ne.

Ya nuna wa jama'a tambarin da ke goshin keken, mai hoton kan zalɓe. Ya ce wannan Raleigh ne, ƙirar birnin Nottingham na ƙasar Ingila. Masana'antar can ta daina haɗa keke tun shekarar 2002. Saboda haka wanda ke da irin wannan, abin da ke hannunsa ba a ƙara yin sa a wurin. Akwai kuma tsofaffin Peugeot na Faransa, da Phoenix na birnin Shangai a ƙasar Sin. Duk da ƙarfe aka yi su, kuma ciwonsu guda ne.

Me ke kawo tsatsa?

Dattijon ya tambayi jama'a. Wani ya ce tsufa. Wani ya ce ruwa. Ya ce na biyu ya kusa. Abu uku ne in sun haɗu: ƙarfe, da ruwa, da iska. Ƙarfe da iska kaɗai cikin busasshen wuri suna daɗewa ba su yi faɗa ba. Da laima ta shiga tsakani, sai ƙarfe ya fara komawa jar ƙasa. Fenti ba ado ba ne kawai. Riga ce da ke raba ƙarfe da ruwa. Duk inda rigar ta yage, nan tsatsa ke shiga.

Gishiri yana ƙara mata sauri. Gumin mutum akwai gishiri cikinsa, shi ya sa ƙarfen sama, inda gumi ke ɗiga, yake yawan yin tabo. Takin zamani ma mugun abokin ƙarfe ne. Mutum ya ɗauko buhun taki bisa kariya, buhun ya tsiyaye, bai wanke ba, kafin kaka kariyar ta yi ja. Haka fitsarin bisashe. Wanda ke ajiye kekensa a garke tare da awaki, ya sani yana ciyar da tsatsa.

Ya ce abin da ya sa ya kira ta gara, daga ɓoye take aiki. Ƙarfen gangar keke bututu ne, cikinsa rami. Kaurin bangonsa wajen milimeta 1 ne, ko sama da haka kaɗan. Ba shi da naman da zai bai wa tsatsa ta daɗe tana ci. Ranar da ta huda shi, ba a gida zai karye ba. Sai an ɗora masa buhun hatsi, ko an goyo mace mai ciki za a kai ta likita, an faɗa rami, sannan.

A fara da wanka

Ya ce kafin a taɓa fenti, a wanke keken da ruwa da sabulu, a goge da tsumma, a bar shi ya bushe sarai. Datti yana ɓoye ciwo. Sannan a kife shi, ƙafafu sama, a duba wuraren da ido ba ya zuwa: ƙarƙashin inda feda ke juyawa, da ƙarafan nan biyu da ke bin sarƙa zuwa tayar baya, da cikin madigadi, wato ƙarfen da ke tare taɓo, da duk wata mahaɗa inda bututu ya shiga bututu.

A nan ya tsaya bisa ledar ado. Mutanenmu suna son naɗe keke da leda mai launi tun yana sabo, don kada ya ƙuje. Ya ce niyyar mai kyau ce. Amma in ledar ta tsufa ta tsage, ruwan damina yana shiga ƙarƙashinta, ba ya samun hanyar fita. Ya sha kwance leda ya tarar da ƙarfe ya yi ƙuraje kamar mai ƙyanda. Wanda ledarsa ta shekara biyu ko uku, ya kwance ya duba.

Tsatsa iri-iri ce. Akwai ta sama, wadda ke kamar jar ƙura, in an goge ƙarfe ya fito sumul. Wannan ba komi. Akwai wadda ta yi ƙananan ramu kamar zanzana. Ita ma tana gyaruwa, in ramun ba su yi zurfi ba. Akwai kuma wadda ta ci ta cinye. Ana gane ta da basilla ko ƙusa. A danna tsinin a tsakiyar tabon da ɗan ƙarfi. In ya tsaya, ƙarfe na nan. In ya lotsa ko ya shige, maganar fenti ta ƙare, sai mai walda. Kuma in an ga fenti ya kumbura kamar bororo, ko da launinsa bai sake ba, a fasa shi. Tsatsa ce ke kwance ƙarƙashi.

Wani magidanci ya ce: «Baba, nawa ya tsage a gwafar gaba, wadda ke riƙe taya. In na cika wurin da fenti mai kauri fa?»

Dattijon ya girgiza kai. Ya ce: «Ɗana, fenti yana rufe ido, ba ya riƙe ƙarfe. Gwafar gaba in ta tsage, sake ta ake yi. In ta karye kana gudu, da fuska za ka sauka.» Ya ƙara da cewa tsofaffin kekunan nan da narkakkiyar tagulla aka haɗa gaɓoɓinsu. In wata gaɓa ta saki, a nemi mai waldar gas wanda ya san aikin tagulla. Waldar lantarki a hannun wanda bai ƙware ba tana ƙone siririn bututu.

Gugar tabo

Kayan aiki ba su da yawa. Samfefa, wato takarda mai yashi, iri biyu. A bayanta akwai lamba. Ƙaramar lamba, kamar 120, mai kaushi ce. Babbar lamba, kamar 400, mai laushi ce. Ya ɗaga su sama, ɗalibai suka karanta lambobin da kansu.

A fara da mai kaushi, bisa tabon kaɗai, har farin ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Kada a bar ko ɗigon ja. Wanda ya shafa fenti bisa tsatsa kamar wanda ya yaɓe ɗaki ne da gara cikin azara. Bayan haka a ɗauki mai laushi a bi gefen tabon, inda tsohon fenti ya tsaya, har yatsa ya wuce bai ji tudu ba. Cikin ƙananan ramu, inda samfefa ba ta kai, a matsa ruwan lemun tsami ko jiƙaƙƙiyar tsamiya, a bari ya ɗan jima, a goge da buroshin waya. Tsami yana narkar da tsatsa. Amma in an bar shi yana cin ƙarfen ma. A ɗauraye da ruwa, a busar nan take a rana.

Ya ja kunne ƙwarai bisa ƙurar tsohon fenti. Fentin da, musamman jan nan da ake shafawa ƙarƙashi, sau da yawa akwai dalma cikinsa. Dalma guba ce, kuma ta fi yi wa yara lahani. Ya tuna wa jama'a abin da ya faru a Zamfara, cikin Najeriya, a shekarar 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe yara fiye da 400. Ƙurar keke ɗaya ba ta kai wannan ba, amma gubar ita ce dai. A jiƙa samfefa da ruwa don kada ƙura ta tashi. A rufe hanci da rawani. A yi aikin nesa da madafa da wurin wasan yara. A wanke hannu da sabulu kafin a ci tuwo.

Farin ƙarfe mai ƙyalli, na ƙaho da gargare da birki, ba a sa masa samfefa. Ƙyallin nan fata ce siririya, in an kankare ta ba ta dawowa. A samu farar takardar gwangwani mai laushi, irin ta cikin kwalin taba ko ta shayi, a dunƙule, a tsoma a ruwa, a goga a hankali. Tabon zai tashi. Sai a shafa ɗan mai.

Shafa fenti

Da an gama guga, ranar nan za a rufe wurin. Ƙarfe tsirara ba ya kwana, in akwai raɓa da safe zai yi ja. A goge shi da tsumma mai tsabta da ɗan isansi, wato fetur, don maiƙo ya fita, nesa da wuta da mai shan taba. Ban da kananzir, don yana barin maiƙo, fenti ba ya kamawa. Bayan nan kada yatsa ya sake taɓa wurin.

Shafi na farko na maganin tsatsa ne. A jikin gwangwaninsa an rubuta antirouille da faransanci. Malamin makaranta ya rubuta kalmar a allo, kowa ya kwafe cikin littafinsa don ya nuna wa mai kanti. A tambayi wanda ba dalma cikinsa. A shafa shi siriri, a bari ya kwana.

Sannan fentin launi. Na mai ake so, wanda ake shafa wa ƙofar ƙarfe. Na ruwa, na bangon ɗaki, ba ya zama bisa keke. A motsa gwangwani da kyau da tsinke. Baƙi ma iri-iri ne, wani yana ƙyalli, wani ba ya yi. A gwada ɗigo ɗaya a ƙarƙashin keken, a bari ya bushe, a gani ko ya dace da tsohon.

Dattijon ya ce a nan ne gaggawa ke ɓata aiki. Mutum yana son ya gama yau, sai ya labta fenti da yawa. Sama ya bushe, ciki ɗanye, ya yi ta zuba kamar hawaye, daga baya ya yamutse. Siriri sau biyu ko sau uku, da kwana ɗaya tsakaninsu, ya fi kauri sau ɗaya. In tabon ƙarami ne kamar ƙwayar dawa, ba a bukatar buroshi. Tsinken ashana ya isa: a tsoma, a ɗiga, fenti ya cika ramin da kansa. In ya kai faɗin dala, gashin kaza mai tsabta yana aiki. Bayan shafi na ƙarshe a bar keken kamar mako guda kafin a ɗaura masa kaya, don igiya tana kwashe fentin da bai ƙosa ba.

Lokaci ma da nasa. Cikin damina laima ta yi yawa. Cikin hunturu ƙura tana manne wa ɗanyen fenti, ya zama kamar samfefa. Kaka ta fi, bayan ruwa ya ɗauke, kafin buji ya taso. A yi aikin cikin inuwa, a zaure, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta.

Wani tsoho ya ce shi da ya samu fenti, gara ya shafe keken gaba ɗaya ya huta. Dattijon ya yi dariya, ya ce: «Malam, tsohon fentin masana'anta gasa shi aka yi da wuta. Namu na gwangwani ba ya kama ƙafarsa. Inda yake da rai, a bar shi.» Ya nuna siraran layukan ruwan zinariya da suka rage a jikin keken, da tambarin. Ya ce masu sayen tsohon keke su suke dubawa. In an shafe su, kuɗin keken ya ragu. Kada fenti ya hau gefen gargare inda birki ke kamawa, ko sarƙa, ko zaren noti. Akwai kuma ƴan ƙananan huji kusa da ƙarshen gwafa da ƙarafan baya. Ba tsatsa ce ta yi su ba, maƙera ne. A bar su buɗe, laima tana fita ta nan.

Cikin bututu fenti ba ya zuwa. Sau ɗaya a shekara, bayan damina, a zare ƙarfen sirdi, a kife keken ruwa ya tsiyaye, a bar shi ya sha rana. A zuba ɗan man inji mai tsabta, kamar cokali ɗaya, a jujjuya keken man ya bi ciki. A shafa wa ƙarfen sirdi giris kafin a mayar, in ba haka ba wata rana zai kafe, ƙato biyu ba su zare shi.

Daga ƙarshe ya kira ɗalibi ɗaya ya zo ya nemi lambar keken. Kowane irin keken nan yana da lamba da aka buga cikin ƙarfe, ko ƙarƙashin sirdi, ko ƙarƙashin inda feda ke juyawa. Ɗalibin ya durƙusa, ya goge wurin da yatsa, ya karanta ta da ƙarfi, harafi da lamba. Dattijon ya ce kada a cika ta da fenti, kuma kowa ya rubuta tasa cikin littafi ya ajiye. In an sace keke, ɓarawo yana sake masa launi cikin dare ɗaya, amma lambar tana nan, ita za a nuna wa jandarma.

Da aka ƙidaya, mutum 9 cikin ɗaliban ke da keke. Ƙaramin gwangwanin fenti ya fi ƙarfin tabon keke ɗaya, kuma in an buɗe shi aka ajiye, bushewa yake. Sai suka shirya su haɗa kuɗi, su sayi gwangwani ɗaya na maganin tsatsa da ɗaya na baƙin fenti, su raba. Mai jan keke guda ne cikinsu, shi zai nemi nasa. Dattijon ya ce zai dawo bayan an gama yankan hatsi, kowa ya zo da kekensa a wanke.