Titin Unguwa: Wa Ke da Shi, Wa Zai Gyara Shi?



Da yawanku kun gina gidaje a sababbin unguwannin garinmu, kun haɗa kuɗi kun share tituna kun zuba tsakuwa. Tambayata ita ce: idan damina ta cinye titin, ko wani ya ja katangarsa ya toshe shi, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa?

Bari mu duba yadda Ingila ta warware wannan a dokarta ta hanyoyi ta 1980. A can, titin da mutum ya gina da kuɗinsa nasa ne, gyaransa ma nasa ne. Sashe na 38 ya ba majalisar yanki damar karɓarsa ta rubutacciyar yarjejeniya. Sai an gina shi bisa ma'aunin injiniyoyin majalisa, galibi kuma mai ginin ya kula da shi har wata 12 don a ga ƙarkonsa. Daga nan gyara ya koma wuyan hukuma.

Rufe hanya ya fi haka wuya. A ƙarƙashin sashe na 116, majalisa da kanta za ta je gaban majistare ta nuna cewa ba a bukatar hanyar. Kafin zaman da aƙalla kwana 28 za a sanar da masu filayen da ke gefenta, a buga a jarida, a kuma kafa sanarwa a bakin hanyar, domin mai ƙorafi ya zo ya faɗa.

Mu ma muna da madogara. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina tituna da magudanan ruwa da kula da su, da raɗa wa tituna suna. Abin da muka rasa shi ne rubutu.

Shawarata ga ƙungiya biyu ce. Duk titin da muka yi da aikin gayya, a auna faɗinsa da tsawonsa, a miƙa wa ƙaramar hukuma a rubuce, mu ajiye kwafi. Sannan kada ɗayanmu ya ci lungu ko burtali don faɗaɗa gidansa, komai girman muƙaminsa a birni. Mai ɗaukar gawa da mai kai maras lafiya asibiti su ne za su sha wahalar. Tun ran gini ran zane.