Kada Mu Tsinci Aya Mu Bar Wasiƙa



Kwanakin baya na ga wani ɗalibi ya rubuta "Filibiyawa 4:13" da manyan baƙaƙe a bangon littafinsa, ana gobe jarrabawa. Na ce masa, "Ɗana, wa ya rubuta wannan aya, kuma yana ina lokacin?" Sai ya hau sosa ƙeya. Tun yana Makarantar Lahadi ya haddace ta, amma bai san Bulus yana ɗaure ya rubuta ta ba, bai kuma taɓa lura cewa ayoyin da suka gabace ta maganar yunwa da ƙoshi suke yi ba. Godiya Bulus yake yi wa mutanen Filibi saboda gudummawar da suka aika masa, yana gaya musu ya koyi wadar zuci, ko akwai ko babu. Yaron kuwa ya mai da ayar laya.

Ban ga laifinsa sosai ba, mu muka koya masa haka.

Bulus bai sa wa wasiƙunsa lamba ba. Rabon surori da muke bi yau aikin Stephen Langton ne, wanda ya zama babban bishop na Kantabari a Ingila a ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa sai a 1551 wani Bafaranshe mai buga littattafai, Robert Estienne, ya shigo da su. Suna da amfani, da su muke buɗe wuri ɗaya a sujada. Sai dai sun saba mana da yanka magana gunduwa-gunduwa. Wace uwa ce a nan ɗanta zai aiko mata da wasiƙa daga Legas, ta ce a karanta mata layi ɗaya daga tsakiya, a naɗe sauran?

Ku dubi Irmiya 29:11, wadda muke liƙawa a bayan mota. Ita ma a cikin wasiƙa take, zuwa ga Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila. A surar nan aka ce musu su gina gidaje, su dasa gonaki, su nemi lafiyar birnin da ya bautar da su, domin sai shekara 70 ta cika za su koma gida. Yawancin manyan da suka ji wasiƙar a can aka binne su. A ganina, mai bin da yake cikin doguwar wahala ya fi samun ta'aziyya a surar gaba ɗaya fiye da ayar da aka tsinto masa.

Wani zai ce, "Ai ni ban je makarantar tauhidi ba." Ba a ce ka koyi Ibrananci da Helenanci ba. Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa sun ɗauke mana wannan kaya, Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni sura 17, kullum sai sun binciki Nassi su ga ko wa'azin Bulus gaskiya ne, kuma yabonsu aka yi. Iyayenmu fastoci, ku yi mini gafara, wanda ya koma gida ya duba abin da kuka faɗa ran Lahadi bai raina ku ba. Inda ya shige masa duhu kuma ya tambaya, kamar yadda ma'ajin nan na Habasha ya nemi Filibus ya hau karusa ya bayyana masa Ishaya.

Roƙona gare ku ɗaya ne. Filibiyawa surori huɗu ne kacal, karanta ta da ƙarfi ba ya wuce minti 20. Yau bayan tuwon dare ku tara iyali, a fara daga gaisuwar Bulus, kada a tsaya sai an kai ƙarshe.